Gidan Makama: In Ka Shiga, Ka Fara Ɗaga Kai Sama

Duk wanda ya tambaye ni inda zai kai baƙonsa a Kano alhali wuni ɗaya ne da su, gidan tarihi na Gidan Makama nake fara gaya masa, kafin Kasuwar Kurmi, kafin marinar Ƙofar Mata, kai, kafin ma Dala. Wanda ya fara da gidan nan zai gane sauran wuraren idan ya je. Wanda ya fara da su kuwa, kallo kawai zai sha. Tarihi nake koyarwa a makarantar sakandare, dangin mahaifiyata kuma magina ne kaka da kakanni, shi ya sa in na shiga wuri irin wannan abu biyu nake dubawa: kayan da aka ajiye, da ɗakin da aka ajiye su a ciki. A Gidan Makama ɗakin ya fi kayan. Kayan suna da darajarsu, sai dai irinsu za ka iya gani a gidan tarihi na Kaduna ko na Jos. Ginin kuwa sai a nan. A Jos ɗin ma, da aka tashi nuna gine-ginen gargajiya na ƙasar nan, kwaikwayon badalar Kano aka gina, mu kuma ga na ainihi a hannunmu.

Gidan ba ya ɓata. Yana daf da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, duk mai adaidaita sahun da ka ambata wa sunan ya san inda zai ajiye ka. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba.

Abin da aka riƙe a tarihin Kano shi ne gidan na ƙarni na 15 ne, kuma da sunan Muhammadu Rumfa yake tafiya, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Nan ya zauna kafin ya gina fadar da har yau ake ce wa Gidan Rumfa. Shi ne ya kafa Kurmi, ya faɗaɗa badala, a zamaninsa ne kuma Shaihu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa yadda ake riƙon sarauta bisa shari'a. Bayansa gidan ya zama mazaunin masu sarautar Makama. Da Turawa suka ci gari a 1903 sun ɗan yi ofis a ciki, daga baya aka raba shi: wani sashe ya zama makarantar firamare, wani ya ci gaba da zama gidan Makama, wani aka mai da shi gidan tarihi. A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, kuma hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi ce ke riƙe da shi. Wannan rabon, a ganina, alheri ya zama. Kana tsaye gaban kayan yaƙin mutanen da, kana jiyo hayaniyar 'yan makaranta ta bayan katanga, ka san ba kufai ka shigo ba.

Kada wani ya ɗauka ƙasar da ke jikin bangon nan, daga sama har gindi, ita ce wadda Rumfa ya jingina da ita. Ginin ƙasa ba haka yake daɗewa ba. Damina ta ci, a yi yaɓe. Azara ta gaji, a sauya. Soro ya tsage, a sauke a sake ɗaurawa. Abin da ya haura shekara ɗari biyar shi ne wurin, da tsarin, da sanin yadda ake yi, wanda ke bi daga hannun uba zuwa na ɗa. Wannan na ukun shi ne ya fi damuna, zan kuwa dawo kansa.

Na taɓa zuwa da kawuna, wanda ya ƙare ƙarfinsa a ginin ƙasa kafin bulo ya raba su da aiki. Mai yi mana jagora ya kama bayanin hotunan da ke bango, shi kuwa tsohon kansa na sama. Sai jagoran ya dakata ya ce, "Baba, ko akwai abin da kuka hango ne?" Kawu ya ɗaga sandarsa ya nuna rufin, ya shiga yi mana karatun ɗaurin guga. Jagoran ya harɗe hannu yana saurare har ya dasa aya, har da tambaya ya yi. Na yaba da wannan ladabin ƙwarai, don ba kowane mai ilimin boko ne zai tsaya magini ya koya masa abu a wurin aikinsa ba.

Ga abin da za ka gani in ka ɗaga kai. Azara tsagin giginya ce, gara ba ta cika yi mata ɓarna ba, amma in ka shimfiɗa ta a miƙe a ɗaki mai faɗi ka labta mata ƙasa, lanƙwashewa za ta yi. To magini ba ya yi mata haka. Tun daga cikin bango yake dasa ta, ya ɗaure wata a kan wata da igiya, kowace tana ɗan leƙowa gaba fiye da ta ƙasanta, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a tsakiya. Sai a lulluɓe su da ƙasa a shafe, shi ne bakan gizon da kake gani. In bakan gizo biyu ko fiye suka gitta juna suka ɗauke rufin, ka sami ɗaurin guga. Babu rodi, babu siminti, babu ginshiƙi a tsakiyar ɗaki. Bangon kuma da tubali aka ɗaga shi, wanda ake curawa da hannu a shanya a rana, a jera shi tsininsa na kallon sama. Gindin bango ya yi kauri, yana siranta yayin da yake hawa. Kaurin nan ne ya sa in ka shigo a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke narkewa a waje, gumin jikinka ke bushewa tun a zaure ba tare da fanka ba. Da hunturu kuma ɗumi za ka tarar.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar shi ne maganin ruwa. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samo ta, a kwaɓa da ƙasa a shafe bango. Laso kuwa, wanda ake yi wa rufi da wuraren da ruwa ya fi duka, da katsin da ake kwasowa daga ramukan marina ake haɗa shi, da gashin da majema ke kankarewa daga fata, da dafara. Ka ga kenan magini da marini da majemi igiya ɗaya ta ɗaure su. In marina ta mutu, katsi ya yi wuya, sai mai gida ya ɗauko siminti ya shafa wa bangon ƙasa yana ganin ya huta. Siminti kuwa ba ya shiri da ƙasa. Ruwa ya sami kafa ya shige bayansa ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe tana lalacewa a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓallo gaba ɗaya ya taho da rabin bangon. Gidaje da yawa a cikin gari ta haka suka tafi, masu su kuma da niyyar gyara suka yi.

Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne, an jera su yadda za ka bi tarihin garin daki-daki: kayan gini a zaure, zamanin Dala da Barbushe, sarakunan Haɓe, jihadi da gidan Dabo, basasa, zuwan Turawa, 'yan siyasar ƙarni na 20, sannan ilimin addini, sana'o'i, kayan kiɗa, da ɗakin amarya. Ba duka ne ke riƙe ni daidai ba. Wajen kayan noma da na kiɗa nakan wuce da sauri, don wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san garma ya san kalangu, ko da yake na ga yaran birni na yanzu suna tsayawa gaban abubuwan da mu muka ɗauka ba a tambaya a kansu. Ɗakin amarya kuwa, in da mata a tafiyar, sai an yi da gaske ake fito da su. Jeren ƙorai da tasoshi da faya-fayai kan tuno wa manya ɗakin kakarsu, 'yan mata kuma su shiga gardamar ko za su yarda a yi musu irinsa.

Inda nake daɗewa da ɗalibaina shi ne wajen basasa. Da yawansu a nan suke fara jin cewa Kanawa sun taɓa ɗaukar makami a kan juna. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi mubaya'a suka fice Takai. Yusufu bai ga ƙarshen abin ba, ƙaninsa Aliyu Babba ne ya shigo da rundunar cikin gari a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Shekara takwas bayan haka Turawa suka iso. A aji in na faɗi wannan, sunaye ne da shekaru. A nan kuwa yaro na tsaye a gidan da abin ya faru a kewayensa, fadar da aka yi rigimar dominta tana tsallaken hanya, sai ka ga tambayoyinsa sun sauya.

Sai kuma ƙyauren Ƙofar Kabuga, wanda shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk gidan. Ta ƙofar nan ce sojojin Kanar Morland suka fasa suka shigo ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu, wato Aliyu Babba, yana Sakkwato. Lugga da kansa ya rubuta cewa bai taɓa ganin irin wannan ganuwa a Afirka ba. Tsayinta a wasu wurare ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kusan ƙafa 40. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka sa harsashinta, sarakunan baya suka yi ta ƙari. Na gode wa waɗanda suka ɗauko ƙyauren nan suka adana, da tuni an yi makamashi da shi ko an kai wa maƙera. Amma duk sanda na tsaya gabansa sai in ji kamar murfi nake kallo an rasa tukunyar. Yaro ya ga ƙyaure, ya ga taswirar badala a bango, ya fito titi ya nemi badalar, me zai tarar?

Zai tarar da guntaye. Wani wuri tudu ne da ake zuba shara, wani wuri an yanka filoti an dasa shaguna, wani wuri an haƙe ƙasar an yi gini da ita, ruwan sama ya ƙarasa sauran. Kududdufan da aka haƙo ƙasar ganuwar daga cikinsu, waɗanda suke shanye ruwan damina, an cike da yawansu, ruwan kuwa sai ya nemi gidajen mutane. Ƙofar Na'isa, mai ɗaruruwan shekaru, a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, wadda ke wurin yanzu sabuwa ce. Tun 2007 sunan badalar Kano da Dala da Kurmi da gidan Sarki yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya. Har yau wurare biyu ne ƙasar nan ke da su a wancan babban jeri, Sukur da kurmin Osun na Osogbo.

Shi ya sa nake ce wa mutane kada su tsaya a gidan tarihin kawai. In ka fito, ka ratsa ta Kurmi ka hau Dala. Daga kan dutsen nan ne Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya zana garin, kuma duk wanda ya ga tsofaffin hotunan Kano ya san kamanninta: soraye jajaye da zankwaye a kusurwoyinsu, indararo na leƙowa, dabino da rimi sun fi gidaje tsayi, Goron Dutse daga yamma, badala ta zagaye komai. Bayan zuwan jirgin ƙasa aka ƙaru da dalar gyaɗa a wajen gari, ita ma ta zo ta wuce. Yau in ka hau, kwano za ka gani yana ƙyalli, da tankunan ruwa, da dogayen ƙarafan kamfanonin waya, da benaye nan da can. Har yanzu koren ƙubbar babban masallaci da hasumiyoyinsa suna fitowa fili, har yanzu kana iya gane gidan Sarki da itatuwansa. Wannan ɗan abin da ya rage shi nake tsoron a wayi gari wani bene ya tare.

Ban ga laifin talakan da ya rufa kwano ba, kuma ba na son masu zuwa daga unguwannin masu hali su riƙa yi masa wa'azin al'ada. Gidan ƙasa kowace shekara yana neman yaɓe, maginin da ya iya ya yi ƙaranci, ƙasar ma yanzu saye ake yi a kawo a mota. Wanda ya taɓa kwana yana tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo, ko ya ji ƙarar faɗuwar bangon maƙwabci a watan Agusta, ba zai yi wa mai kwano dariya ba. Ga kuma rabon gado. A unguwarmu akwai wani soro mai hawa biyu, da zanen dagi a goshinsa, wanda duk yaran layin da shi muke kwatance. Mai shi ya rasu, magada sun fi ashirin, babu mai ƙarfin biyan sauran, aka sayar. Cikin mako guda aka kwantar da shi, yanzu shaguna ne. Babu wanda ya karya doka a cikinsu, kuma babu wata hukuma da ta zo ta ce ga kuɗi, ku bar mana shi.

Nan ne nake ganin darasin Gidan Makama ya kamata ya fita daga harabarsa. An riga an gwada an gani: tsohon gini in aka ba shi aiki, yana tsayawa. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, yana nan a tsaye saboda an mai da shi gidan tarihi. A Katsina ginin tsohuwar kwaleji haka aka yi masa. Me zai hana a bi unguwannin da ke kewaye da Kurmi, irin su Dandalin Turawa inda fataken Larabawa suka zauna, a zaɓi 'yan gidajen da suka rage a saye su daga magada da farashin kasuwa? Ba lallai kowanne ya zama gidan ajiye kaya a gilashi ba. Wani ya zama ɗakin karatu, wani wurin masu dukanci ko masu ɗinkin hula, wani masaukin baƙi. Sannan a sa iyakar tsayin gini a kewayen Dala da masallaci da fada. Wannan ba ya hana garin girma, fili na nan a waje ga mai son bene hawa goma. A Agadas, hasumiyar masallacin ƙasa mai tsayin mita 27 har yau ita ake fara hangowa, saboda gidajen da ke kewaye da ita ba su yi gasar tsayi da ita ba, kuma a 2013 tsohon garin ya shiga jerin UNESCO. Da Hausa ake ciniki a kasuwarsu, da irin ƙasarmu suka yi gini. Abin da ya yiwu a can ban ga abin da zai hana shi yiwuwa a nan ba.

Shi kansa gidan, akwai abin da nake fata a ƙara masa, ya fi mini sabon fenti ko sabon gilashi. Ina so a ce akwai magini a tsakar gida yana cura tubali, yara su tuɓe takalma su taka ƙasa tare da shi. Ina so a ce lokacin yaɓe, kafin saukar damina, a sanar da gari, a gayyato ɗaliban fasahar gini daga jami'o'i da kwalejojin Kano su yi aikin ƙarƙashin tsofaffin magina, a biya tsofaffin haƙƙinsu, a ba yaran takardar shaida. Sa'o'in kawuna suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuma bulo suka koya don a nan abinci yake. Ranar da rufin zauren nan zai nemi a sauke a sake ɗaurawa, kuɗi kaɗai ba za su yi ba, sai an sami hannun da ya taɓa yi. A Nijar wani magini, Falke Barmu, ya gina masallacin ƙasa a Yama wanda ya ci lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan a 1986, duniya ta san sunansa. Namu ma suna da wannan gwanintar, aiki ne ba a ba su.

Ga wanda ya yi niyyar zuwa: ya zo da safe a ranar aiki, kafin rana ta take, ya ware wa gidan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ranar Juma'a wajen azahar hanyoyin wurin cika suke yi saboda masallaci, kwanakin hawan Salla kuwa Ƙofar Kudu ba ta shiguwa. Kada a ƙi jagora don ganin ana iya karanta allunan bayani, rabin daɗin wurin a bakinsu yake, in an gama kuma a yi musu ihsani. A tambaya kafin a ɗauki hoto. Wanda zai zo da tsoho ya riƙe masa hannu wajen dokin ƙofa, kuma a hana yara kankarar bango da farce. Malaman da za su kawo ɗalibai su aika da takarda tun da wuri, su raba ajin gida-gida, don wasu ɗakunan ƙanana ne, in aka cusa yara hamsin a lokaci guda na baya ba sa jin komai.